Ƙofar Da Na Buɗe A Gidan Alhaji

Kafin a san ni da laifi, a Zongon Kotonu an san ni da gyaran wifi. Ban yi nisa a lakwal ba, makarantar boko ke nan, a sibar, shagon intanet, na koyi aikin. Gidan da intanet ya ƙi, ni ake aika wa zemijan, mai babur ya ɗauko ni. Har ɗakin da baƙo ba ya shiga ana kai ni, domin can akwatin yake.

Wata rana Alhaji Mudi, mai dilolin gwanjo a kasuwar Misebo kuma aminin marigayi babana, ya kira ni. Ɗansa Sa'idu ya faɗa cacar ƙwallo a waya. Ya ce, "Ɗana, an ce kana iya toshe abin nan." Na ce ina iyawa, Baba.

A cikin akwatin wifi akwai wani wuri da ake kira DNS. Kamar ɗan zemijan yake: ka faɗi sunan shafi, shi ya kai ka. Na sa wanda ba ya kai mutum gidan caca. Alhaji ya karɓe layin wayar Sa'idu, ya hana shi fita, ya bar masa wifin gida kawai. Hankalinsa ya kwanta.

Labari ya bazu, iyaye suka yi ta kirana. Kaina ya yi girma.

A unguwar Jonke na haɗu da wani da kowa ke ce wa Patron. Ya ce lambobinsa zan riƙa sawa a wurin DNS ɗin nan, talla kawai mutane za su gani, ni kuma ina da rabona a kowane gida. Na ce talla ai ba sata ba ce. Na bi gidajen nan da sunan dubawa, na canza, har da na Alhaji.

Ashe Patron yana da shafin caca nasa. Wanda ya nemi sakamakon ƙwallo, can ake sauke shi. Daga baya ya ƙara da shafukan banki na jabu. Da na gane, na je na ce na daina. Ya yi dariya ya ce, "Ka cire gida ɗaya, Zongo duka su ji wanda ya shigar musu da ni." Na koma gida, ban cire ko ɗaya ba.

Wallahi wannan zama ya fi mini zaman gidan kaso zafi. Duk Juma'a Alhaji zai riƙe hannuna a ƙofar masallaci, ya ce wa mutane, "Wannan ya ceto mini yaro." Ni kuwa na san abin da Sa'idu yake yi a ɗaki. Sau da yawa na kai ƙofar gidan da niyyar gyarawa, tsoro ya juyo da ni.

Da bashin caca ya kai wa Sa'idu wuya, ya saci makullin shago ya sayar da dilolin babansa, ya tsallaka iyaka, aka ce Legas ya nufa. Ba a jima ba polis suka kama Patron, suka ga saƙonnina a wayarsa, suka haɗa da ni. Na yi shekarun da alƙali ya yanka mini.

Da na fito, na tuba ga Allah, na bi gidajen ina neman gafara. Na Alhaji na bari ƙarshe. Ya tsufa, ya rame. Bai zage ni ba, bai ambaci dukiya ba. Ya ce, "Na yafe nawa. Amma na kulle yaron nan a gida ne don ka ce gidan a rufe yake."

Samari masu ilimin waya, ku ji ni. Wanda ya ba ku kode ɗin wifin gidansa, iyalinsa ya danƙa muku. Idan kun yi kuskure, ku faɗa tun ranar, ku sha kunyar, ba ta kisa. Ni shiru na zaɓa.

Yanzu dako nake yi a Misebo. Duk direban da ya sauko daga Legas sai na nuna masa hoton Sa'idu. Har yau ba wanda ya ce ya gan shi.