Yadda Akurki Ta Kai Inna Guri

Haɗeja, ranar Talata

Ƙarfe biyar da kwata na asuba, a agogon hannun Kofur Bukar, na kama ƙarfen murɗawa a ƙofar gidanmu don in tayar da inji. Murɗi na farko, shiru. Na biyu ta yi tari. Na uku ta ɗauka, duk karnukan unguwa suka amsa mata. Wannan fa tun zamanin Turawa ne, amma har yau in na rufe ido sai in ji ƙarar nan.

Bari in gaya muku ko wace ce. Kitika ce, wato ƙaramar mota mai gidan direba a gaba da akwatin katako a baya. Wani mai sayen gyaɗa a Malam Madori ne ya yasar da ita bayan kantinsa, kaji suka mai da ita gida. Ni baduku ne ɗan baduku, ban san kome a mota ba sai sonta. Kofur kuwa abokina ne tun muna yara, ya yi tuƙi a soja ya dawo da agogo da baki. Muka saye ta, shanu biyu suka jawo ta Haɗeja, da ƙwai uku a ƙarƙashin kujera.

Rani biyu muna kanta. Kofur ya kwance inji ya wanke kowane ƙarfe da kananzir, maƙeran unguwarmu suka ƙera mana abin da ya ɓace, ni kuma na ɗinke kujera da jar fata na yi wa sitiyari riga. Fambel ce ta gagara, ɗamarar nan da ke juya fanka ta sanyaya inji. Sau biyu muna aikawa Kano ba a sami daidai da ita ba. Sai na yanka ɗanyar fatar sa, na tufke ta kamar igiya, na ɗinke bakin. Ta zauna daram! Wata guda na yi ina buɗe murfin inji ina nuna wa mutane, har da waɗanda ba su tambaya ba.

Inna, mahaifiyata, ita ta raɗa wa motar suna Akurki. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma yaba mini ko da wasa. In tana da magana da ni, sai ta gaya wa wanda ke kusa. "Kofur, ka gaya wa mai akurkin nan tuwonsa ya huce."

To, ranar Lahadi wani mai fataucin kifi ya zo da saƙo daga Guri: Ya Fanta, yayar Inna wadda ta raine ta, tana kwance, ba ta da magana sai kiran ƙanwarta. Shekara goma sha ɗaya rabon su da juna, don gwiwoyin Inna ba sa iya jaki, balle ƙafa. Ga shi ruwa ya sauka sau biyu, sabon ruwa na tafe a kogi, in ya cika fadama kuwa babu hanya sai bayan kaka. Inna ba ta yi kuka ba. Ta fito da sandarta ta zagaya motar sau ɗaya.

"Kofur, abin nan yana kai mutum Guri, ko iyakarsa bakin kasuwa?"

Na yi caraf na ce, "Tana kaiwa."

Kofur ya harare ni, don gaskiya iyakarta ke nan, bakin kasuwa da dawowa.

Muka ɗora tin huɗu na fetur, da tulun ruwa, da sifanu na kwance inji, da igiya, da tabarmi, da rabin buhun gero. Inna a gaba kusa da Kofur, ta rungume lefenta a cinya. Ni mai mota ina baya a kan gero. A ƙofar gari ɗan doka ya ɗaga hannu.

"Ina zuwa da asubar nan?"

"Guri."

"Da wannan?" Ya fara dariya, sai ya hango Inna, ya rusuna. "Allah ya kiyaye hanya, Inna."

"Amin, ɗan nan. Ka haɗa da ta dawowa."

Hanyar Kirikasamma

Agogon mil na motar ya mutu tun kafin mu same ta, don haka kada ku tambaye ni nisa, sai dai lokaci. Gari ya waye mana a cikin gonaki, mutane na shuka. Wasu su ɗaga mana sungumi, wasu su ja jakunansu su yi cikin jeji. Kai, daɗi! Iska na dukan fuskata, ina ta ɗaga wa mutane hannu kamar ni na ƙera duniya.

Takwas da minti goma ƙayar aduwa ta huda tayar baya. Faci da famfo suka ci mana minti hamsin. Nan muka sayi fura da nono na kwabo biyu wurin wata Bafulatana, wadda ta ga Kofur na ɗura wa mota ruwa a lagireto ta ce, "Ita ma sha take? To, ku saya mata nono mana." Goma da rabi muka kafe a rairayi, sai da muka saro kaba muka shimfiɗa ƙarƙashin tayoyi, na tura har rawanina ya kwance.

Daga nan ne Inna ta fara magana. Ta tagar baya nake jin ta tana gaya wa Kofur sunan kowane ƙauye, da tsamiyar da aka sauke ta ta sha ruwa ranar da aka kawo ta Haɗeja amarya a kan takarkari, kwana uku a hanya. Muka faɗa wani rami, kanta ya taɓa rufi, na ce yau na shiga uku. Sai na ji tana dariya. "Kofur, takarkarin nan ya fi wannan ladabi."

Ɗaya da minti ashirin muka shiga Kirikasamma. Muka yi azahar a gidan Malam Gambo, wani sanin Kofur, aka kawo shinkafa da miyar ɗanyen kifi. Niyyarmu mu kwana, amma Malam Gambo ya girgiza kai.

"Ba korar ku nake ba, amma ku tashi. Jiya ruwan mashigi a idon sawu yake, yau a gwiwa. Ku haye yau, jibi kuma ku hayo, in ba haka ba motarku a Guri za ta yi damina."

Mashigi

Uku saura minti ashirin muka iso bakin ruwa. Masunta na ciki, kowa kwance a kan gorarsa. Kofur ya kashe inji, ya naɗe fulogan inji da tsumma da kitse don kada su sha ruwa, masunta goma sha biyu suka kama turi. Aka ce Inna ta shiga kwalekwale, ta ce tare muka zo, tare za mu haye. A tsakiya laka ta riƙe mu kusan rabin awa, ruwa na wucewa ta ƙarƙashin inji. Suka sa waƙa, suka ciccibe ta, sai ga mu a tudu. Muka ba su sule ɗaya da goro, Kofur ya kwance tsummokaransa, murɗi biyu ta tashi. Har rawa na taka.

Rawar ba ta yi nisa ba. Huɗu saura minti goma tururi ya turnuƙe gaban mota. Kofur ya tsaya ya buɗe murfin inji, ya sa yatsa ya ɗago fambel ɗina. Ta sha ruwa ta saki, ta yi laƙwas kamar hanjin akuya, fanka ko motsi.

Ku ji fa! Ni da aka haifa a cikin fata, na kasa tuna abin da fata ke yi in ta jiƙe, don duk aikinmu da rani muka yi shi. Abin da ya fi wannan kunya, ko basilla ban ɗauko ba. Na cika jaka da sifanu, wai ni yanzu makanike ne.

"Ba za ta yi mil ɗaya a haka ba," in ji Kofur. "Inji zai ƙone."

Na duba gaba babu gari, na duba gabas ga hadari na haɗuwa. Tsoro ya kama ni sosai. Ni na ce tana kaiwa. In Ya Fanta ta cika muna nan a jeji, da wane ido zan dubi Inna?

Sai ga muryarta daga cikin mota, a hankali kamar tana tambayar kuɗin gishiri. "Kofur, tambayi ɗan badukun nan. Ubansa in zai yi wa wuƙa kube, da busasshiyar fata yake ja, ko da jiƙaƙƙiya?"

Wayyo ni! Da jiƙaƙƙiya mana. A ja ta tana jiƙe a ɗinke, in ta bushe ta kama kamar ba za ta saki ba har abada. Inna ta buɗe lefe ta fito da wani ƙullin tsumma ta miƙa wa Kofur, Kofur ya miƙo mini. Basillar mahaifina ce, wadda tun rasuwarsa take ɗinkin ƙwarya da ita. Na zauna a ƙasa na rage faɗin yatsa huɗu, na tsaga zare daga abin da na yanke, na ja da haƙori na ɗinke. Muka ɗora ta da ƙyar. Kofur ya bar inji ya huce, ya ƙara ruwa, ya tayar a hankali. Zafin inji na busar da ita tana ƙara kamawa. Biyar da minti biyar muka tashi, hadarin kuma ya bi ta kudu ya bar mu.

Guri

Shida da minti ashirin, rana na shirin faɗuwa, muka tsaya a ƙofar gidan, rabin gari na biye da mu. Kafin in diro in kama ta, Inna mai ciwon gwiwa ta riga ta sauka, ta manta sandarta a mota. Na bi ta da ita har ƙofar ɗaki. Ya Fanta na kwance a tabarma, ta rame, idanu sun tafi. Inna ta yi sallama.

Tsohuwar ta ɗago kai. "Wa nake ji? Hauwa Gana?"

"Ni ce, Ya."

Ban taɓa jin an kira ta da wannan suna ba. Na ajiye sandar na fita, don abin da ya biyo baya ba na idona ba ne.

Kwana biyu muka yi, ana ta ɗura mana burabusko da miyar kuka da bandar kifi. Ranar Laraba da hantsi Ya Fanta, wadda aka ce ko kunu ba ta sha, ta ce a kai ta ta ga abin da ya kawo mata ƙanwa. Aka ɗauko ta aka zaunar a gaba. Ta shafa kujera, ta bi ɗinkin da yatsa.

"Wannan hannun gidan mijinki ne. Wa ya yi?"

Inna ta kau da kai. "Wani ne a gidan."

"Ke dai da kunyarki! Har yanzu?"

Kofur ya zagaya da su filin kasuwa sau uku, tsofaffi biyu a gaba suna ƙyalƙyala dariya, Ya Fanta na cewa a ƙara danna ham. Ganawarsu ta ƙarshe ke nan. Bayan kwana ashirin ta rasu, a lokacin ruwa ya riga ya rufe hanya. Allah ya jiƙanta.

Komawa, ranar Alhamis

Ƙarfe shida muka baro Guri, da bandar kifi cike da kwando. A mashigi ruwa ya kai cinya. Wannan karon na cire fambel na rataya a wuya kamar laya, masunta suka yi ta yi mini tsiya. Faci biyu muka yi a hanya, ban ji ko ɗaya ba. Biyar da rabi na yamma ɗan dokan nan ya gan mu, ya buɗe baki ya kasa rufewa.

Bayan Akurki na gyara motoci da dama, wasu sun fi ta kyau nesa ba kusa ba, amma fambel ɗinta ce rataye a ɗakina, tare da basillar. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, na gode wa maƙeran unguwarmu da masuntan mashigi, da Kofur Bukar, Allah ya kai haske kabarinsa.

A ranar nan kuwa, da muka tsaya a ƙofar gida, Inna ta sauka, amma ba ta shiga ba. Ta dafa motar ta daɗe a tsaye, ni kuwa ina gefe ina kwance igiyar kaya.

"Kofur."

"Na'am, Inna."

"Ka gaya wa mai motar nan Allah ya yi masa albarka. Ka ce masa ubansa bai fi shi ɗinki ba."

Ta ɗauki lefenta ta shige. Ni kuma na saki igiya na kutsa ƙarƙashin mota na kwanta rigingine.

Kofur ya sunkuyo. "Me ya lalace kuma?"

Na goge hawaye da hannun riga. Na ce, "Ba kome. Bar ni tukuna."