Ƙofar da Ba Ta Cikin Zanen Gida

Shekarar da dawa ta yi kyau a Gadambaliya, Baba ya dawo Gadarif da ƙwarin gwiwa, ya kira maƙeri ya cire tagogin katako da ƙofofin da damina ta karkatar, aka sa na ƙarfe masu koren fenti. Ƙasarmu baƙar laka ce, da ruwa ta kumbura, da rani ta tsage, katako ba ya jimre mata. Da maƙerin ya gama, Baba ya nuna masa naffaj, ƴar kafar nan da ake bari a katanga tsakanin maƙwabta don mata su riƙa ratsawa, ya ce ita ma a yi mata ƙofa. Da buhu muke rufe ta a da. Sakata ɗaya ya sa aka yi, ta ɓangaren Goggo.

Goggo maƙwabciyarmu ce, ba dangi ba. Mijinta ya rasu, ba ta haihu ba, gwiwoyinta sun ƙi. Ƙofar gidanta ta waje tana fuskantar kwari, da damina ko jaki ba ya bi. Ta naffaj take shigowa ɗiban ruwa a famfonmu, ta nan kwanon tuwonta yake wucewa.

Bayan rasuwar Baba muka yanke a sayar da gidan, Inna ta koma Doka wurin yayana. Wani mai sayar da yadi a kasuwa ya taya, ya ce takardu su kammala kafin ruwa ya sauka. Ni na iya karatu, ina koyarwa a makarantar ƴan mata, don haka ni aka ɗora wa zirga-zirgar ofis.

Injiniyan da aka turo duba gida ya zo da zanen da aka yi tun ana raba filaye. Ya auna tagogi, ya ce sun fi na zanen faɗi, amma takarda ɗaya da damga biyu, wato kan sarkin ofis, za su gyara wannan. Sai ya tsaya gaban naffaj, ya ƙwanƙwasa ƙarfen da biro.

"Hajiya, da buhu ne a nan, wallahi da ban gan ta ba," ya ce wa Inna. "Kowane gida akwai. Amma wannan ƙofa ce sosai, kuma babu ita a zane. Ko a toshe, ko a kawo yardar maƙwabciya da ta mai saye da shaidar kwamitin unguwa, a sake zanen gaba ɗaya."

Ya tafi, na ce, "Shi ke nan, Inna, bulo talatin ne. Gobe in kira magini."

Ta dube ni kamar na zagi Baba. "Ruwan Goggo fa? Ta kan katanga za ta tashi?"

Raina ya ɓaci, ban ɓoye ba. Na ce mu muka haife ta? Na ce ciniki zai wargaje a kan kafar da akuya ma sai ta sunkuya. Inna ta miƙe. Ta ɗauki gwangwanin alawar da muke ajiye takardu, ta yafa taub, babban mayafinta na fita, ta ce in ba zan je ba in nuna mata motar da ake hawa.

Kunya ta sa na bi ta. Kai, na ga ikon Allah! Matar da ba ta san alif ba ta riƙe takardu bakwai a ka, kowace da launin damgarta: mai shuɗi ta kwamiti ce, mai ja ta ofishin filaye. A ce mana magatakarda ya fita fatur, karin kumallon hantsi, ni in yi ta tsaki, ita ta shimfiɗa gefen taub ta zauna. A ce a dawo bayan azahar, ta riga shi dawowa daga masallaci. Larabcinta duk a karkace yake, amma ba wanda ya iya korar ta. Da aka ce sai Goggo ta dangwala yatsa a gaban shaidu, Inna ta sa aka ɗauko ta a keken jaki, ta tallafe ta har cikin ofis.

Saura mai saye, shi kuwa ya kafe. Ya ce ba zai zauna a gidan da sakatarsa take hannun wani ba. Gaskiya ban ga laifinsa ba. Ruwa ya sauka, hanyar Doka ta zama kunu, yayana yana ta aiko saƙon faɗa, ni ina ƙara wa wutar ice.

Inna ba ta je wurin mutumin ba. Sai ta gayyato matarsa shan gahawa da hantsi, daidai lokacin da ta san sakatar nan tana motsi. Ana cikin soya gahawa ƙofar ta buɗe, Goggo ta shigo da sanda da ƴar jarkarta, tana jan ƙafa. Matar ta miƙe ta karɓi jarkar ta cika mata. Ba a yi zancen ƙofa ba ko sau ɗaya. Bayan kwana uku mai yadi ya sa hannu, yana gunaguni wai an haɗa baki da gidansa.

Sabon zanen ya fito bayan kaka. Injiniyan ya nuna wa Inna wani ɗan layi a katangar arewa, yana dariya, ya ce bai taɓa zana naffaj ba sai a kanta. Ta ce in karanta mata abin da aka rubuta a gefe. Na karanta: ƙofa ce tsakanin gida biyu, ba mai toshe ta sai da yardar su biyun. Sai na tuna bulo talatin ɗina.

Ranar tafiya mun loda kaya a lori, an miƙa makullai, direba yana ta danna ham. Inna ta tsaya a zaure ta ƙi fitowa. Na buɗe baki zan yi magana, ta ɗaga mini hannu. Can muka ji ƙarar sakata, sannan muryar matar mai yadi tana cewa, "Goggo, kawo jarkar, zauna ki huta."

Inna ta gyara taub ɗinta. "To, yanzu mu tafi," ta ce.