Kwana Goma Sha Biyu Ba a Yashe Kwata Ba

A can ƙarshen layin, inda kwata ke yin kwana ta shige ƙarƙashin kwalbati, nan gidan Mai Shebur yake. Ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida, kuma babu gidan da ya kai shi gangare, duk abin da aka zubar daga sama sai ya zo ƙofarsa.

Shekara ashirin da takwas ya yi yana lebura a sashen tsafta na ƙaramar hukuma. Ya shiga da baƙin gashi, ya fito da furfura da ciwon baya da shebur guda da aka ce ya riƙe. Bayan ya yi ritaya aka ba wani kamfani aikin shara, su kuwa manyan tituna kawai suka sani, ba su taɓa leƙo layin ba. Shi bai kai ƙara ko'ina ba. Kullum in ya dawo daga sallar asuba sai ya sa takalmin roba, ya ɗauki shebur da manjagara, ya faro daga saman layi ya gangaro har bakin kwalbati. Da kunne yake gane lafiyar kwata. In ruwa na tafiya daidai akwai wani ɗan sauti da yake yi a bakin kwalbatin, sai ya ji shi kafin ya shiga gida ya karya kumallo.

Ya san gidan da aka yi baƙi, ya san gidan da ake jinya tun kafin a faɗa, domin takardun magani suna biyo ruwa. Amma ba a taɓa jin maganar wani gida a bakinsa ba.

Matarsa ciwon ƙafa ya zaunar da ita shekaru, daga gado sai bakin ƙofa. Takan tsokane shi cewa kwata yake fara gaisarwa kafin ita. Shi kuwa sai ya ce ai ita tana iya kiransa in tana son wani abu, kwata kuwa sai an je an duba. 'Yarsu ɗaya ce, Auta, tana aure a wancan gefen gari.

A saman layin akwai wani fili babba mai ciyawa, wanda ke shanye rabin ruwan sama kafin ya gangaro. Wata rana aka ji cewa majalisar ƙaramar hukuma ta zauna ta amince a gina gidaje ɗari biyu a wurin. Ba a yi wata biyu ba motocin yashi suka fara shiga. Mai Shebur ya hau ya tsaya ya kalli inda ake zuba siminti, ya dawo gida. Ya gaya wa matarsa cewa in aka rufe ƙasar can da kwano da daɓe, ruwan da take sha ba shi da wurin zuwa sai nan, kuma kwalbatin nan ba zai ɗauka ba ko da an wanke shi da sabulu.

Hedimasta, wani tsohon shugaban makaranta da ke tsakiyar layin, shi ya rubuta takardar koke, kowane magidanci ya sa hannu. Amsa ta zo ta bakin kansilan unguwar, wanda ya same su a kan bencin mai aski da yamma. Ya ce majalisa ta yarda a yi manyan magudanan siminti, amma layi uku kawai za a yi wa a duk unguwar, kuma layuka sha ɗaya ne ke nema. Za a turo injiniya a zagaya, inda aka ga ya fi lalacewa nan za a fara. Da zai tashi ya dubi kwatar da ke gudu tas a gabansu, ya rage murya ya ce shi dai abin da ya sani, abin da ido ya gani shi ake rubutawa.

Bayan tafiyarsa idanu suka koma kan Mai Shebur, kowa ya san shi ake jira a yi wa magana.

Hedimasta ya ce, "Baba, alfarma muke nema. Ka jingine shebur ɗin nan na mako biyu, a zo a ga kwatar yadda take in babu kai."

Mai aski ya ce, "Hutun da hukuma ba ta ba ka ba, mu mun ba ka. In hannu ya yi maka ƙaiƙayi ka zo ka taya ni share gashi."

Aka yi dariya, shi ma ya murmusa. Ya gane maganar sarai, kuma ya san babu wanda zai ci moriyar sabuwar magudana kamar shi da ɗakin matarsa. Ya ce ya yarda, ya yi alkawari a gaban mutum shida.

Ya jingine shebur a bayan ƙofa. Ranar farko ya dawo daga masallaci ya rasa inda zai sa kansa, ya share tsakar gida sau biyu, ya gyara ƙafar wata kujera da ba abin da ya same ta. A kwana na uku leda ta toshe bakin kwalbati, sautin nan ya ɗauke. A na shida ruwan ya yi kore, ya fara kumfa. Wasu matan layin, don a taimaka wa lamarin, suka riƙa juye shararsu a ciki da gangan, a gabansa, har suna yi masa sannu da hutu. A na tara wari ya shiga ɗaki, sauro ya yi yawa, matarsa ta riƙa rufe hanci da gefen mayafi in ta ga ba ya kallonta. Sau biyu ana sa ranar zuwan injiniya ana ɗagawa. Mai Shebur ya koma zagayawa ta bayan layi in zai je masallaci, don kada ya gani.

Ranar kwana na goma sha biyu, da sassafe, wani direban sashensu na da ya tsaya a ƙofar gidan a kan babur. Suka gaisa, ya ce yau da hantsi injiniya za ta zo, kuma tare da shugaban sashen tsafta za su zo. Ya ƙara da cewa jiya ma a ofis ya gaya musu layin Mai Shebur ne, sai shugaban ya ce ai ya san shi, mutumin da ba a taɓa kama yankinsa da datti ba. Yana cikin maganar idonsa ya faɗa kan kwatar. Ya tada babur ya tafi.

Mai Shebur ya shiga ya zauna a bakin gado. Duk shekarun da ya yi yana aiki, in aka ce manya za su zo zagaye, abu ɗaya ake yi, a fita a kwashe, a share, a tsaya a miƙe a gefen aiki a jira. Bai san wata hanyar tarbar manya ba. Ya yi ta juya hannuwansa a kan gwiwa, matarsa na kallonsa.

Ta ce, "Malam, ka yi alkawari."

"Na sani."

"To zauna. Saura awa uku."

Ya zauna. Can ya ce zai dai ɗage ledar da ke bakin kwalbati, guda ɗaya, don ruwan ya fara taɓa dokin ƙofarta. Ta juya fuska wajen bango.

Da hannu ya ciro ledar farko. Ta biyu ta biyo ta. Ruwan da ya yi kwanaki a tsaye ya motsa, ya yi ɗan sautin nan a bakin kwalbati, daga nan bai san lokacin da shebur ya zo hannunsa ba. Maza duk sun fita nema, Hedimasta ya tafi asibiti karɓo maganin hawan jini, matan da suka leƙo kuwa nauyinsa suka ji, suka koma ciki. Sai da ya ci fiye da rabin layin mai aski ya zo buɗe shago. Ya tsaya da makulli a hannu, ya dubi tulin taɓon da aka kwashe aka jera a baro, ya dubi tsohon yana haki.

A hankali ya ce, "Baba, ka kashe mu."

Mai Shebur bai ɗago ba. Ya ƙarasa, ya kai baron bola sau huɗu, ya wanke hannu, ya sa riga mai tsabta.

Injiniyar yarinya ce mai ladabi, da takarda a hannu. Ta bi kwatar daga sama har ƙasa tana ɗaukar hoto. Shugaban sashen ya riƙe hannun Mai Shebur da hannu biyu, ya ce da za a samu irinsa goma da garin ya huta. Mai aski ya bi su yana bayani, yana rantsuwa cewa awa uku da suka wuce ba a iya tsayawa a nan don wari. Ta saurare shi har ƙarshe. Ta ce ba ta ƙaryata shi ba, amma a layin da ta baro yanzu ruwan kwata a cikin ɗakunan mutane yake kwance, kuma ba za ta rubuta abin da ba ta gani ba. Sannan ta juyo wajen tsohon ta tambaye shi ko kwatar nan tana jan ruwa.

Ya miƙe sosai, hannuwa a gefe kamar yadda aka saba. Ya ce, "Tana ja, ranki ya daɗe. Ba ta taɓa tsayawa ba."

Gaskiya ya faɗa, in ban da 'yan kwanakin nan. Sai da suka shiga mota ya tuna da maganar sababbin gidaje da ƙanƙantar kwalbati, ya matsa wajen taga ya fara faɗa. Direba ya riga ya tada inji, ita kuma ta ɗaga masa hannu tana murmushi.

Bayan mako uku majalisa ta zauna, aka liƙa sunayen layuka uku a allon sanarwa, babu nasu. Abin da ya zo musu shi ne ambulan ɗaya da sunan Mai Shebur. Ya kai wa Hedimasta ya karanta masa, domin idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu. Takardar yabo ce, majalisa na gode masa bisa kula da tsaftar muhalli, tana kira ga sauran jama'a su yi koyi da shi. Hedimasta ya karanta har sa hannun ƙarshe, ya ninke, ya miƙa masa, ya ce Allah ya sanya alheri, ya shige gida.

Babu wanda ya zage shi. Gaisuwa ce dai ta gajarce. In ya zo bencin mai aski sai hira ta koma ta ƙwallo.

Damina ta sauka an riga an rufe gidajen sama da kwano, an daɓe hanyoyinsu. Ruwa biyu na farko kwata ta ɗauka da ƙyar. Na uku ya zo bayan la'asar, bai fi awa ɗaya ba, amma ruwan da ya gangaro ja wur ya shafe kwata da hanya, ba a gane wannan daga waccan. Mai Shebur na bakin kwalbati, ruwa har ƙugu, yana laluben abin da ya toshe. Babu abin da ya toshe, kwalbatin ne ya yi kaɗan. Ruwa ya shiga gida bakwai, nasa har taga. Mai aski da wasu maza biyu ne suka fito da matar a kan kujera, tana rungume da Alƙur'aninta a ƙirji, tana ta salati a hankali. Kwana biyu bayan haka bangon ɗakinta ya zube.

Auta ta zo da mota ta ɗauki uwarta. Ta roƙi uban ya biyo su, ya ce wa zai bar wa gidan. Da aka zaunar da matar a mota ta kira shi ya sunkuyo.

Ta ce, "Ko da ka bar kwatar, wataƙila da ba su ba mu ba. Layi sha ɗaya ne fa."

Ya ce haka ne. Ya san don ta sanyaya masa zuciya ta faɗa, kuma ya san babu mai iya tabbatar masa ko a'a ko i.

Ba ta sake ganin layin ba. Sanyin da ta sha ranar ya zauna mata a ƙirji, kafin damina ta ɗauke Allah ya yi mata rasuwa a gidan 'yarta. Mutanen layi duk sun je, har waɗanda ruwa ya ci musu katifu, suka zauna tare da shi kwana uku, babu wanda ya tada maganar kwata.

Da rani ya yi nisa kansila ya sake zuwa da labari, cewa akwai yiwuwar a ƙara layi biyu bana, za a sake turo injiniya, ba a dai sa rana ba. Wannan karon Hedimasta bai roƙi kowa komai ba. Washegari Mai Shebur da kansa ya ɗauki shebur da manjagara ya kai shagon mai aski. Ya ce a kulle masa su, kuma ko ya zo yana roƙo kada a ba shi sai an zo an gani. Mai aski ya buɗe baki zai yi wasa kamar yadda ya saba, ya fasa. Ya karɓa ya tura su bayan madubi.

Yau wata huɗu ke nan suna nan. Kwata ta cika ta yi kore, injiniya ba ta zo ba, a ofis kullum cewa ake majalisa ba ta zauna a kan maganar ba tukuna. Hadari kuwa ya fara haɗowa da yamma. Kullum bayan asuba tsohon kan fito daga ɗakin da ya rage masa ya tsaya a bakin kwalbati, hannuwansa a baya, ɗaya ya damƙe ɗaya, har rana ta fito.