Na je Bungudu roƙon a ɗaga aurena

Ba mu tashi da asuba ba, duk mai bin hanyar Tsafe yanzu ya san dalili. Ba a shigarta sai rana ta ɗaga, motoci sun yi yawa. Ni dai tun kiran sallar farko na shirya, ina ta leƙa ɗakin Gwaggo, ƙanwar mahaifina, wadda za ta raka ni. Ita kuwa ko a jikinta. Sai da ta sha kununta, ta ɗaura ɗankwali ta kwance ta sake ɗaurawa, sannan muka fita.

Ga waɗanda ba su san zancen ba, akwai wanda zan aura. Kakanninsa mutanen Zamfara ne da suka tafi hajji a ƙafa suka yada zango a Sudan. Can aka haife shi, yanzu yana Ingila yana tuƙa bas, har ya samu fasfon ƙasar. A ajin hadda na waya muka san juna, kuma har yau ban taɓa ganinsa ba sai ta gilashin waya. Basudane ake ce masa a gidanmu. Mahaifina ya rasu, don haka yayansa, Baffa na Bungudu, shi ne waliyyina. Ya riga ya yanke magana: za a ɗaura kafin azumi, wani ɗan uwan Basudane da ke Kano ya zo ya karɓa masa, ni kuma in nemi biza in bi miji. Da na ba ƙawata labari sai ta ce kada in yarda a ɗaura komai sai na je Tsafe na ga yayarta, wadda mijinta ma yana Ingila ita tana nan.

A tashar Gusau kuɗin mota ya kusa ninka na bara, kuma ga shi an cusa mu kamar buhunan gero. Direba ya ce saura mutum ɗaya, muka yi ta jiran mutum ɗayan nan har na ce zan sauka in nemo shi da kaina. Hanya lafiya lau, sai shingayen jami'an tsaro da ramuka. An yanke dawa, gonaki sun yi fili, dutsen Kwatarkwashi yana nan tsaye abinsa. Akwai wani wuri da hira ta mutu a motar, kowa ya koma salati a hankali, har wani mai tallar maganin basir da ke cikinmu ya yi shiru. Da muka wuce ya ci gaba daga inda ya tsaya.

A Tsafe muka hau kabu-kabu zuwa gidan Anti, yayar ƙawar tawa. Ta kawo mana hoce, wainar dawan nan ta mutanenmu, da ƙuli da man gyaɗa, ga fura mai sanyi. Ban bari ta gama yi mana sannu da hanya ba na tambaye ta me ya hana ta tafiya. Ta ɗauko waya ta nuna mini hotunan ɗaurin aurenta. Maza ne reras cikin manyan riguna a ƙofar masallaci, ga liman, ga faifan goro da alewa.

"To nuna mini ni a ciki," in ji ta. "Ko ki nuna mini angon."

Babu ita, don mace ba ta zuwa wurin ɗaurin aurenta. Babu shi, don wakili ne ya karɓa. Da ta nemi bizar matar aure aka ce ta kawo shaidar sun taɓa haɗuwa ido da ido, waɗannan hotunan ta tura da murnarta, aka kuwa hana ta. Sai da mijin ya nemi hutu ya zo, aka sake komai daga farko. Yanzu ta ci jarrabawar Turanci, an yi mata gwajin tarin fuka, tana jiran amsa.

Na ce to ni zan nemi bizar ziyara kawai in je in gan shi. Ta yi dariya har ta ƙware. Ta ce budurwa ba aikin albashi, ba abin da zai nuna za ta dawo, da wuya su ba ta, kuma ba a yin aure a kan wannan bizar. Akwai bizar wadda aka yi wa baiko, ki je a ɗaura a can cikin wata shida, amma ita ma sai kun taɓa haɗuwa. Gwaggo ta ajiye ludayi ta ce ko an ba mu ita kyauta babu mai sa ɗiyarsu a jirgi ba igiyar aure. Anti ta ce wasu kan haɗu a wata ƙasar, kamar a je umara da muharrami. Nan fa idon Gwaggo ya buɗe, ta ce ita wannan ta fi kwanta mata, kuma ba ta da wani aiki a gabanta. Amma mafi sauƙi, in ji Anti, shi ya nemi bizar Najeriya ya zo da kansa, a ɗaura yana nan, a yi hotuna muna tare, sannan in nemi ta matar aure. Ta ƙara da cewa dokokinsu suna canzawa, mu riƙa dubawa da kanmu, kada mu saurari 'yan bakin titi masu cewa sun san wani a ofishin jakadanci.

A Tsafe muka kwana. Na gane abin da ke gabana: sai na je na ce wa Baffa ya janye ranar da ya riga ya sanar wa dangi. In ya ƙi, zan zama matar aure a ɗakin uwata, miji a waya, sai yadda hali ya yi.

Washegari muka biyo ta Gusau ba mu ko leƙa gida ba, muka canza mota zuwa Bungudu. Hanyar gajera ce, rake da dankali ko'ina a bakin titi. Gwaggo ta sayi goro ta ƙulle wa Baffa, tana ta ja mini kunne: yarinya ba ta maganar aurenta a gaban manya, in zauna in sunkuyar da kai, ita za ta yi bayani.

Mun sami Baffa a gindin darbejiya yana duba masu zuba dawa a rumbu. Gwaggo ta fara gaisuwa. Ta tambayi gida, ta tambayi gona, ta tambayi saniyar da ta yi ciwo bara, ta koma kan tsadar taki. Na ga la'asar za ta same mu a kan taki.

"Baffa, so nake a ɗaga auren."

Gwaggo ta mintsine ni a cinya, har yanzu wurin yana nan. Baffa ya juyo a hankali.

"Mi kika ce? Kin hwasa ne?"

Na ce ban fasa ba. Na kwashe labarin Anti da hotunan maza na faɗa masa ban tsaya ba. Ya ɓare goro, sai kawai ya fashe da dariya.

"Wato Turawa sun ce sai an ga juna? To mu da mi munka gada? Ke ɗiyata, don ke fa niy yi gaggawa. Tun kina ƙarama ba ki jiran tuwo shi huce. Uwarki ta ce in an daɗe kina iya tada gida. Ni kau abin na cina, in ba da ɗiyar ƙanena ga wanda ban ga ƙwayar idonai ba."

Ya ce Basudane ya zo bayan ƙaramar sallah. Ba sai ya shigo ƙauyuka ba, ya sauka Gusau, shi Baffa zai same shi can. Dangi kuma ya san abin da zai gaya musu. Sannan ya ce tunda hoto suke so, a fara tun yau. Ya sa aka ɗauko kujerar roba aka ajiye kusa da shi, ya gyara hula, ya tsayar da ni a ɗaya gefen, ya ce Gwaggo ta ɗauka.

"Ki tura mashi. Ki ce ga wurinai nan."

Gwaggo ta yanke wa Baffa rabin hula a hoton, amma kujerar ta fito sarai.

Kafin magariba muna Gusau. Mama ta ji yadda aka yi ta riƙe baki, ta ce lallai duniya ta zo ƙarshe tunda ni ce na nemi a jira. Basudane kuwa da ya ga hoton bai iya rubutu ba, murya ya turo, rabinta dariya rabinta wani abin daban. Ya ce gobe zai nemi hutu a wurin aiki ya fara cike takardar neman biza.

Abin da na koyo ba shi da yawa. In naki yana waje, ku fara ganin juna kafin komai, kuma ki shiga hoton da kanki. Ki je ki tambayi wadda abin ya faru da ita. Manyan da muke tsoron yi wa magana kuma, wani lokacin jira suke mu fara. Ban san ko za su ba ni bizar ba, ga jarrabawar Turanci a gabana, ni da rabona da Turanci tun sakandare. Gwaggo har yanzu tana tambaya ko an fasa zancen umara ne gaba ɗaya.

Jiya aka kira daga Bungudu. Wai Baffa ya sa an shigar da kujerar ɗakinsa, kada yara su karya ta kafin mai ita ya zo.