Telar da Ta Kai Biyan Haraji

Tun da na dawo daga karatu nake shakkar ko masu kuɗi na biyan harajin da ya dace da samunsu. Layin ofishin haraji bai rage mini shakkar ba, don ban ga mai babbar mota ko ɗaya a cikinsa ba.

A gabana akwai wata gajerar mata mai furfura a goshi, ta ɗaure ƙafar tabarau da zare. Yatsunta duk sawun allura ne. Da alama tela ce, wataƙila da keke ɗaya ta fara a ɗakin haya. Sai gyara mayafi take, tana leƙen tagar ma'aikaci.

"Bara cewa ka yi in koma gida, samuna bai kai a karɓi haraji ba," in ji ta. "Duba da kyau, ɗana. Yanzu kekunan huɗu ne."

Ya daɗe yana kallon kwamfuta, ita kuwa ta riƙe bakin tagar da hannu biyu.

"Inna, bana kam kin shiga."

Dariya ta ƙwace mata har tabarau ya zame. Ta biya, ta juyo ta dubi layin. "Ku matsa, attajira za ta wuce."

A bakin ƙofa na tambaye ta ko ba ta jin haushi, ita ta biya alhali wasu da suka fi ta nesa suna zillewa.

"Ina ji mana. Amma a da in na yi magana, sai a ce me na taɓa bayarwa. Yanzu kuwa su shirya wa bakina."