Sinikka Hautala da Direban da Ya Daina Cin Abinci

Kowace safiya Sinikka Hautala takan jingine kekenta a bangon asibitin garinmu, nan arewacin Finland, ta kakkaɓe takalmanta, ta ɗora gahawa. Nas ce mai kula da masu son rage ƙiba. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya.

Ba ta fara ɗora mutum kan ma'auni. Takan fara da tambaya: wane magani kake sha, me ka ci jiya?

Tapio Rautio, direban motar dakon katako, shaida ne. Likita ya gargaɗe shi cewa in nauyinsa da sukarinsa ba su sauka ba, zai rasa lasisin tuƙi. Sai ya yi irin ta mazan garin nan, bai nemi taimakon kowa ba. Ya daina cin abinci, sai baƙar gahawa. Kullum yana ɗakin wankan tururi yana zubar da gumi, kuma bai rage ko ƙwaya ɗaya daga maganin sukari da na hawan jini ba. Wata rana yana saukowa daga mota jiri ya kwashe shi, ya faɗi cikin dusar ƙanƙara. Da yana bisa hanya ne, da ba shi kaɗai abin zai shafa ba.

"Kilo takwas na zubar, ni kaɗai," ya ce wa Sinikka da alfahari, ranar da aka kawo shi asibiti.

"Rabinsa gumi ne, Tapio. Bokitin ruwa ɗaya zai dawo maka da shi."

"To, ki ce in koma cin ganye kamar zomo."

"Zomo ya fi ka wayo. Shi yana karyawa da safe."

Ta haɗa shi da likita, aka riƙa rage masa magani daidai da yadda jikinsa ke raguwa. Ta tsara masa guzurin hanya, baƙin burodi da miyar kifi, ba ta kuma hana shi gasa namansa na ranar Asabar ba. Ya yi ta mitar cewa abin ba ya sauri. Da ƙanƙara ta narke aka sake duba shi, aka bar masa lasisinsa.

Ke ce, Sinikka, mai sauraro ba da tsawa ba. Ke ce kika koya wa mutanen da ke jin kunyar neman taimako su ƙwanƙwasa ƙofa. Mun gode.

Matasan ma'aikata, ku koyi haƙurinta. Kai kuma da kake shirin daina cin abinci a ɓoye, fara zuwa asibiti tukuna, ka tafi da magungunanka a aljihu.