Ranar da Barmo Ya Haɗa Duwu da Jar Kunama

A Bazaga, in kunama ta harbi mutum, Barmo ake kira. Manomi ne kamar kowa, gero da wake da jaki ɗaya mai gardama. Abin da ya raba shi da sauran mutane gado ne daga kakansa. Zai tofa yawu a wurin harbin, ya shafa da babban yatsa yana jan dafin ƙasa, kafin mai kuka ya share majina zafin ya sauka. Kunama kuwa a tafin hannunsa take yawo kamar ɗan tsako. Sharaɗin guda ne, kuma mahaifinsa ya sha nanata masa: ɗan gidansu ba ya kashe kunama, ba ya zama sanadin mutuwarta.

Wata rana suna dawowa daga kasuwar Illela a amalanke, gardama ta kaure. Tsakanin duwu, baƙar kunamar nan mai manyan hannuwa, da 'yar jar kunama, wa zai ka da wani?

"Ja," in ji Barmo. "Ta fi shi dahi."

Na'Allah, taubashinsa, ya kece da dariya. "Kai dai bawana, tohi kaɗai ka iya. Duwu in ya damƙe ta, matse ta zai yi kamar ƙuli."

"Ni da na tashi cikinsu zaka gaya ma?"

"To kamo su mu gani mana. Ko kunamun surukanka ne, kunyarsu kaka ji?"

Dariyar da aka yi ce ta ci masa rai. Suna isa gari ya ɗaga duwatsun bayan rumbu, ya kamo biyun, ya nemo wata tsohuwar tasa ya zuba su ciki. Matarsa Asabe ta tsaya a bakin zaure.

"Malam, ka mance maganar Baba?"

"Ni zan kashe? Su za su yi abinsu."

Ba a daɗe ba. Jar ta kai harbi, ƙarin ya zame a bayan duwu, shi kuwa ya kama ta a tsakiya ya riƙe har ta daina motsi. Na'Allah na ta tsiya, Barmo bai ji ba. Ya ɗauki gawar ya binne ta a gindin darni.

Da kaka ta zo, 'yarsa Wasila ta sa hannu ƙarƙashin damin gero, ja ta harbe ta. Barmo ya tofa, ya shafa. Ya sake tofawa. Zafin sai hawa yake, yarinya ta fara gumi da amai. Na'Allah ne ya ɗora ta a babur, uwar ta riƙe ta a baya, suka nufi asibiti a Konni.

Ta rayu. Da suka dawo, Na'Allah ya zauna kusa da shi, babu wasa a bakinsa.

"Taubashi, wataƙila dahin wagga ne ya yi yawa. Ba lalle maganin ne ya karye ba."

"Ai na gaya maka ja ta fi dahi," in ji Barmo.

Har yau ana zuwa ƙofarsa. Yakan ce a wuce Konni, amma in tsohuwa ta nace sai ya tofa mata. Hanyar sanin gaskiya guda ce, ya sa hannu ya ɗauki kunama kamar da. Tun ranar bai yi ba.